Daga Ƙofar Fada zuwa Bakin Tasha: Tarihin Ɗaukar Doka a Hannu a Ƙasar Keffi

Ɗaukar doka a hannu, wato jama'a su taru su yanke wa wanda ake zargi hukunci nan take, su kuma zartar da shi da sanda ko dutse ko wuta ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, abu ne da akan danganta shi da tsohuwar al'ada ko kuma da kishin addini, alhali idan aka bi diddigin tarihin garuruwan da suka yi zamani da sarauta da alƙalanci za a tarar cewa al'ada da addini duk sun yi hani da shi. Keffi, wadda a yau take cikin Jihar Nasarawa, tazarar kilomita hamsin ko sama da haka kaɗan daga Abuja, tana daga cikin wuraren da suka fi dacewa a duba wannan al'amari, domin a cikin shekara ɗari biyu ta ga ikon yanke hukunci ya sauya hannu har sau uku, daga alƙalin sarki zuwa En'e ta zamanin Turawa, daga nan zuwa gwamnatin soja, sa'an nan zuwa tsarin mulkin dimokuraɗiyya, kuma kowane sauyi ya ƙara nisanta mai hukunci daga wurin da ake aikata laifi.

An kafa Keffi a wajejen shekarar 1800, kuma wanda ya kafa ta shi ne Abdu Zanga, Bafulatanin da ya gangaro daga ƙasar Katsina da jama'arsa da dukiyarsa. Sunan garin ma daga kalmar kafi ya samo asali, wato shingen itatuwa da akan kewaye mazauni da shi domin tsaro. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Keffi ta zama ɗaya daga cikin masarautun kudu da ke bin Zazzau, kamar Nasarawa da Jama'a, tana kai gaisuwa Zariya, Zariya kuma tana kai tata Sakkwato. Garin ya haɓaka ne saboda yana kan hanyar fatake masu sauka daga Kano da Zariya zuwa kogin Binuwai, har matafiyin nan Bajamushe Gerhard Rohlfs, wanda ya ratsa ta wurin a 1867, ya same shi babbar kasuwa da ake hada-hadar hauren giwa da sauran haja, kuma ya rubuta sunansa haɗe da sunan Abdu Zanga.

A irin wannan gari, shari'ar da ake bi ita ce ta mazhabar Malikiyya, kuma alƙalai sun dogara ne da littattafan da kowane malamin zaure ya sani, irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa. Abin lura a nan shi ne yadda wannan shari'a ta tsaurara sharuɗɗa kafin a taɓa jikin mutum. Ba a yanke wa ɓarawo haddi, wato hukuncin da nassi ya ƙayyade, sai abin da ya sata ya kai nisabi, wanda shi ne rubu'in dinari ko kimarsa, kuma sai ya fitar da shi daga ma'ajiyar da aka saba adana irinsa, sa'an nan sai an sami shaidu biyu adilai ko kuma shi da kansa ya amsa laifinsa, kuma ko ya amsa yana da damar ya janye. Duk wata shubuha, ma'ana kokwanto mai tushe, tana kawar da haddi. Shari'ar jini kuwa ba ta ƙarewa a zauren ƙaramin alƙali, sai ta dangana da majalisar sarki, kuma akwai dogarai masu kamu, da Yari mai tsare fursuna, da hauni mai zartar da kisa, kowa da iyakar aikinsa. Malaman fiƙihu suna da suna na musamman ga wanda ya riga hukuma zartar da hukunci, suna kiran aikinsa iftiyati, wato shiga hurumin shugaba, kuma sun ce ko da wanda aka kashe ya cancanci kisa, wanda ya yi gaban kansa ya kashe shi sai an ladabtar da shi.

Wannan ba ya nufin jama'a ba su da hannu a kama mai laifi. Kururuwa tsohuwar ƙa'ida ce ta zaman tare: idan aka yi ihun ɓarawo cikin dare, wajibi ne kowane magidanci ya fito da sandarsa, kuma wanda ya noƙe a ɗaki ya jawo wa kansa abin faɗa. Babu shakka ɓarawon da aka kama yakan sha dukan kawo wuƙa kafin gari ya waye, amma aikin masu kururuwa yana ƙarewa ne a ƙofar mai unguwa, shi kuma ya miƙa sama. Akwai kuma wata kariya da ta shafi baƙi, waɗanda su ne suka fi saurin faɗawa cikin zargi a kowane zamani. Falke ba ya sauka a gari haka kawai, sai a zango ko a gidan fatoma, wato mai masaukin da ke ajiye masa kaya, ya nema masa ciniki, ya kuma tsaya masa idan magana ta tashi. Saboda haka idan aka cafke baƙo a kasuwa, tambayar farko ita ce baƙon wane ne, kuma amsar wannan tambaya takan isa ta tsayar da hannun da aka ɗaga.

Sai dai wannan tsari yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce ganuwar gari. Ƙabilun da ke kewaye da Keffi, irin su Gwandara da Gade da Yeskwa da Mada da Eggon, waɗanda ba su shiga amana ba daga cikinsu ba su da alƙalin da za su kai wa kuka idan mahaya suka afka wa ƙauyensu, domin harin bayi yana daga cikin ginshiƙan arzikin masarautun kudancin Zazzau a ƙarni na 19. Mutumin da ba za a yanke masa hannu a cikin birni ba sai da shaidu biyu, ana iya kama ɗan'uwansa a bayan gari a sayar ba tare da an tambayi kowa ba. Wannan gaskiya ce da masu begen zamanin da sukan tsallake, kuma ba za a fahimci rashin yardar da ta daɗe tsakanin al'ummomin wannan yanki ba sai an ajiye ta a gaba.

A ƙarshen wancan ƙarni, mutumin da ya fi kowa ƙarfi a Keffi ba sarki ba ne, Magaji Ɗan Yamusa ne, wakilin Sarkin Zazzau a garin, mayaƙi mai dawaki da bindigogi da mabiya. Turawan Ingila sun shelanta mulkinsu a kan Arewa a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, suka haramta harin bayi, sa'an nan a 1902 suka ajiye Razdan a Keffi, Kyaftin Moloney, wanda tsohon rauni ya nakasa masa ƙafa har ba ya iya tafiya sosai. Da zuwansa gari ya zama yana da doka biyu, ta Zazzau da ta Lugga, shugaban mulkin Turawa, kuma babu wani alƙali da ɓangarorin biyu suka yarda ya raba su. Ranar Juma'a 3 ga Oktoba 1902, Moloney ya je dandalin ƙofar fada ba tare da sojojinsa ba, ya zauna tare da sarki, ya aika a kira Magaji. Magaji ya ƙi fitowa. Aka tura mataimakin Razdan, Webster, ya shiga gidan, inda yaran Magaji suka far masa saboda ya kutsa wurin da baƙo ba ya shiga, da ƙyar ya fita da ransa. Moloney ya aike shi ya kirawo sojoji, kuma kafin su iso Magaji ya fito bisa doki, aka kashe Razdan a inda yake zaune, aka kuma kashe Audu Timtim, tafintansa kuma ɗan aikensa, sa'an nan Magaji da mutanensa suka yi arewa.

Riwayoyin da aka tattara daga baya sun ɗora babban kaso na laifin a kan tafinta, wanda aka ce yana juya maganar kowane ɓangare yadda za ta tsoratar da ɗayan, har Magaji ya sakankance cewa kiran da ake yi masa na kamu ne ko na kisa. Ko da an rage wani abu daga wannan zargi, tun da matacce ba ya kare kansa, siffar abin da ya faru ta yi kama da ta kowane kisan gaggawa da ya biyo baya: magana ce ta ratsa ta bakin wani, babu wanda ya tsaya ya tantance ta, tsoro ya riga bincike, kuma cikin ɗan lokaci aka aikata abin da ba ya gyaruwa.

Martanin Turawa shi ma bai bi ta kotu ba. Magaji ya isa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuwa ya riƙe wannan a matsayin hujjar yaƙin da ya riga ya ƙudura. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, kuma Magaji ya rasu a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar, a yaƙin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Sarkin Zazzau Kwasau ya rasa gadonsa, ya ƙare kwanakinsa a Lokoja. Wato dai jinin mutum biyu da aka zubar a Keffi an biya shi da rayukan ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa ganin garin ba, kuma babu ranar da aka zauna aka saurari shaida a kan abin da ya faru a ƙofar fada. Bayan shekara uku, a 1906, aka shafe ƙauyen Satiru da ke kusa da Sakkwato daga doron ƙasa saboda tawaye. Gwamnatin da ta zo da da'awar kafa doka ta fara ne da hukunta jama'a a dunƙule, wanda shi ne ainihin abin da taron 'yan ɗaukar doka yake yi idan aka juya shi: a can jama'a ce ke hukunta mutum ɗaya ba shari'a, a nan kuwa hukuma ce ke hukunta jama'a ba shari'a. Kabarin Moloney yana kan dutsen da har yau ake kira da sunansa a Keffi, sunan Yamusa kuma yana gidan sarautar garin.

Da mulki ya zauna, Turawa sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna, suka hana yanke hannu, suka kuma sharɗanta cewa ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya sa hannu. En'e, wato hukumar gargajiya da aka ɗora wa gudanar da ƙasa, ta riƙe kotu da gidan yari da 'yan doka. Wannan tsari yana da sauri kuma yana kusa da talaka, domin wanda aka sace wa akuya da safe yana iya ganin an yanke hukunci kafin la'asar, da harshen da yake ji. Amma saurin nan yana da farashi, kuma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun fi kowa saninsa a shekarun 1950, lokacin da aka riƙa amfani da alƙalai da 'yan doka ana ɗaure 'yan adawa bisa laifin zagin sarki ko yin taro ba izini, ba tare da lauya ba. Waɗanda ba Musulmi ba a lardin Binuwai, inda aka mayar da Keffi a 1926, su ma suna da nasu ƙorafin game da kotunan da ba su ɗauka nasu ba ne.

Waɗannan koke-koke ne suka haifar da gyare-gyaren da suka biyo baya. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, kuma daga shawararsa aka samar da kundin dokokin laifuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Sojoji da suka karɓi mulki suka soke kotunan sarakuna a tsakanin 1967 da 1968, suka mayar da na alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya, gidajen yari kuma suka koma hannun gwamnatin tarayya. Ta fuskar 'yancin ɗan ƙasa wannan ci gaba ne da ba a musunsa, sai dai an cire na kusa ba a kawo na nesa kusa ba. Ɗan dokan da ya san kowane gida a unguwa ya tafi, aka kawo ɗan sandan da wataƙila ba ya jin harshen garin, wanda kuma umarninsa daga Legas yake zuwa. A daidai wannan lokaci ne, bayan yaƙin basasa, fashi da makami ya yawaita, gwamnatin Gowon ta kafa dokar 1970 mai hukuncin kisa, aka fara ɗaure 'yan fashi a jikin ganga ana harbewa a bainar jama'a, dubban mutane suna kallo. Hukuma da kanta ta koya wa jama'a cewa mutuwar ɓarawo abin kallo ce.

Tsarin mulkin 1999 bai bar wata kafa ba a rubuce. Sashe na 33 ya tabbatar da haƙƙin rayuwa, sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, sashe na 35 kuma ya wajabta a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba, wanda kusan shi ne tsohuwar ƙa'idar kururuwa da sabon suna. Sashe na 221 na Final Kod ya tanadi kisa ga wanda ya kashe rai da gangan, kuma idan mutane suka haɗu a kan niyya ɗaya, kowannensu yana ɗaukar laifin kamar shi kaɗai ya aikata. Abin da talaka ya sani kuwa daban ne: an rubuta beli kyauta ne a bangon caji ofis amma ya san ba haka abin yake ba, ya ga wanda aka kama jiya yana yawo yau, ya kuma ji cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru.

Yadda abin yake faruwa a bakin tasha ko a kasuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wani ya laluba aljihu bai ji wayarsa ba, ko ya ga wani yana taɓa babur ɗin da ba nasa ba, sai ya ɗaga murya. Waɗanda suka fara isowa sun ji zargin daga bakin mai shi, na bayansu daga bakin na gaba suka ji, kafin a yi layi na uku wayar ta zama yaro, ɓarawon kuma ya zama mai garkuwa da mutane. Wanda aka kama yana rantsuwa, amma hayaniya ta rufe muryarsa, idan kuma harshensa ko shigarsa ta nuna baƙo ne, wannan ma ya zama shaida a kansa. Dattijon da ya ce a dakata sai a ce ko shi ma nasu ne, sai ya ja da baya. Daga nan wani ya gangaro da tsohuwar taya daga wurin mai faci, wani ya zuƙo fetur daga tankin babur, saura kuma suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, kuma bidiyon da ya isa ya zama shaida a kotu shi ne zai yi ta yawo a WhatsApp a matsayin gargaɗi ga ɓarayi. A 2023 jita-jitar satar mazakuta ta hanyar gaisawa ta bazu a Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita, aka lakaɗa wa mutane da dama duka a kan laifin da asibiti ke tabbatar da cewa bai auku ba.

Ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga mutum 555 da taron jama'a ya afka wa a Najeriya tsakanin 2012 da 2023, kuma waɗannan su ne kawai labarinsu ya fito. A Aluu ta Jihar Ribas an kashe ɗaliban jami'ar Fatakwal huɗu a Oktoba 2012 bisa zargin sata, sai a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, cikinsu har da ɗan sanda, kuma ana yawan ambaton wannan shari'a ne saboda irinta ba ta da yawa. A Sakkwato, inda dokar shari'ar Musulunci take aiki da kotunanta, ɗalibai sun kashe wata ɗaliba a Kwalejin Shehu Shagari a Mayu 2022 bisa zargin ɓatanci, fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, mutum biyun da aka gurfanar kuwa ba da kisan kai aka tuhume su ba. A Uromi ta Jihar Edo, a ƙarshen Maris 2025, 'yan sintiri sun tare motar da ta ɗauko mafarauta masu komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16. Jihar Nasarawa kuma ta ga abin ta wata fuska a Mayu 2013, lokacin da 'yan ƙungiyar Ombatse suka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a Alakyo kusa da Lafiya suka kashe gommai daga cikinsu, wato waɗanda aka aika su yi kamu su ne aka yanke wa hukunci.

Dimokuraɗiyya ta ƙara wa lamarin wani ruɗani nata. Tsari ne da ke cewa mulki na jama'a ne, Bahaushe kuma ya riga ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, saboda haka ba wuya mutum ɗari da suka taru a kan mutum ɗaya su ɗauka cewa yawansu hujja ne. Amma rinjaye yana zaɓen wanda zai yi doka ne, ba ya tabbatar da cewa wane ya saci waya, kuma an ware kotu daga zaɓe ne musamman domin a sami wuri ɗaya da mutum guda zai iya yin nasara a kan gari duka idan gaskiya tana wajensa. Ɗan siyasa kuwa yana lissafin ƙuri'a, ya san taron yana da dangi da unguwa da malamai, mamacin kuma sau da yawa baƙo ne ko mai taɓin hankali ko almajiri, don haka akan yi Allah wadai, a kafa kwamiti, a bar magana ta kwanta.

Keffi ta yau ta koma abin da take tun farko, wato garin kan hanya, sai dai yawan baƙin ya wuce duk abin da zango zai iya ɗauka. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, hanyar da ta taso daga Nyanya ta bi ta Mararaba da Masaka zuwa Keffi ta cika da ma'aikata da 'yan ci-rani da 'yan haya waɗanda maƙwabtansu ba su san sunayensu ba, ga kuma dubban ɗaliban jami'ar jihar da ke garin. Fatoma ya ɓace, dillalin gidan haya da ya maye gurbinsa kuwa ba ya tsaya wa kowa. Tsaron dare ya koma hannun 'yan banga da 'yan sintiri waɗanda unguwa ke biya da karo-karo, kuma tsakanin kamu da hukunci a wurinsu taki ɗaya ne. Mai unguwa yana nan, har yanzu shi ake bugawa waya idan an kama wani, kuma sau da yawa shigar da wanda ake zargi cikin zaurensa ita ce ke tsayar da taron har motar 'yan sanda ta iso, ko da yake gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon gudanarwa, tsarin mulkin 1999 kuma bai ambaci mai unguwa ko hakimi ko sarki da wani aiki ba.